Tuƙa Mota Mai Giyar CVT: Yadda Take Aiki da Abin da Ke Kashe Ta

Wanda ya saba da tsohuwar Camry ko Corolla mai otomatik, ranar da ya fara tuƙa mota mai giyar CVT, wato otomatik da ba ta da matakan giya, kunnensa ne zai fara ruɗa shi. Ya taka totur, inji ya ɗaga murya, allurar juyin inji ta haura ta tsaya cak a wuri ɗaya, mota kuma tana ta ƙara gudu. Yana sauraron ɗan zillon nan da ya saba ji idan giya ta ɗaya ta miƙa wa ta biyu, shiru kake ji. Nan take zai yanke cewa giya tana sulɓi, gobe da sassafe sai gareji. Alhali lafiyar motar ƙalau, haka aka ƙera ta.

Sai dai akwai sulɓi na gaske, kuma shi ne ajalin wannan giya. Duk wata doka da za ka ji an kafa game da CVT, daga irin man da ake zuba mata har zuwa yadda ake fitar da ita daga yashi, in ka bi diddigi abu ɗaya ake gudu: kada bel ɗin da ke cikinta ya zame.

Maganar ta shafe mu ne saboda motocin da ke sauka Legas da Kwatano daga Amurka sun riga sun canja. Corolla ta Amurka daga samfurin 2014 yawancinta CVT ce. Honda Accord mai silinda huɗu ta koma CVT a 2013, Civic a 2014, CR-V a 2015. Nissan ce ta fi kowa rungumarta: Murano tun 2003, Altima da Sentra tun 2007. Sandar giyar ba ta tona asiri, P, R, N, D ne kamar kowace otomatik, shi ya sa mutum zai shekara da mota bai san abin da ke cikinta ba sai ranar da bakanike ya kwance.

Hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce ka tuna injin niƙa. Inji a gefe, maniƙa a gefe, bel ya haɗa fulin wannan da na wancan. In fulin inji ƙarami ne, na maniƙa babba, maniƙa za ta juya a hankali amma da ƙarfi. In aka juya lissafin sai ta yi sauri, ƙarfi ya ragu. Mai niƙa in yana son canji sai ya kashe inji ya ɗauko sifana. CVT kuwa fuli biyu ne da ke ƙara girma da raguwa da kansu, mota tana cikin tafiya.

Kowane fuli faranti biyu ne na ƙarfe masu gangaren fuska, suna kallon juna, sun bar kwari a tsakani, bel yana kwance a kwarin. Faranti ɗaya a kafe yake, ɗayan matsin mai ne ke tura shi ko ya sake shi. In suka matso, kwari ya tsuke, dole bel ya hau sama ya zagaya da faɗi. In suka buɗe, bel ya nutse ƙasa. Tunda tsawon bel ba ya canjawa, duk lokacin da fulin ɓangaren inji ya tsuke, na ɓangaren taya buɗewa yake yi. A wajen tashi, bel yana can ƙasa a fulin inji, yana sama a fulin taya: ƙarfi ke nan. A babban titi lissafin ya juye. Tsakanin iyakokin nan biyu babu ta ɗaya, babu ta biyu, babu ta uku. Ko'ina bel ya tsaya giya ce, kwamfutar mota ce ke zaɓa.

Bel ɗin ma ba roba ba ne. In aka ɗora maka shi a hannu za ka ji nauyi da sanyin ƙarfe. 'Yan gutattakin ƙarfe ne wajen 400, kowanne kaurinsa bai kai milimita 2 ba, an jera su manne da juna, an zura su a kan ɗauri biyu na siraran zobban ƙarfe, kowane ɗauri yawanci zobe 9 ko 12 a cikin juna. Kuma ba ja yake yi ba, turi yake yi: kowane guntu yana tura na gabansa daga fulin inji zuwa na taya. Subaru sarƙa ta zaɓa, ita ja take yi, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Ga inda gizo ke saƙar. Giya ta gargajiya haƙori ne ke shiga haƙori, ko ka wulaƙanta ta haƙoran suna riƙe da juna. Tsakanin bel da fuli babu haƙori. Gefen ƙarfe ne kawai ke manne da fuskar ƙarfe mai santsi, a cikin mai, abin da ke hana su zamewa shi ne matsi. Famfon man da ke cikin giyar, wanda inji ke juyawa, shi ke matse farantan da ƙarfin da kan kai nauyin tan da yawa. Muddin matsin ya fi ƙarfin da inji ko taya ke kawowa, komai lafiya. Ranar da aka samu akasi, ko na ƙiftawar ido ne, bel ya zame ya karce fuskar fuli. Karcen nan ba ya warkewa. Duk sanda bel ya sake bi ta wurin sai ya ƙara ci, garin ƙarfe ya shiga mai, ya bi ya maƙale a ƙananan bawul ɗin da ke daidaita matsi, matsi ya ƙara faɗuwa, sulɓi ya ƙaru. Daga nan sai dai a ƙirga watanni.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Hub van Doorne na kamfanin DAF da ke Eindhoven a Holan shi ya fara cin kasuwa da ita, a ƙaramar mota DAF 600 da aka baje a 1958, da bel na roba, suka kira giyar Variomatic. Motar tana gudu da baya daidai yadda take yi da gaba, har 'yan Holan suka riƙa shirya tseren ribas da ita. Bel na ƙarfe ya shiga kasuwa a 1987 a cikin Subaru Justy da Ford Fiesta da Fiat Uno. Masu cewa CVT giyar ragwaye ce kuwa su sani ƙungiyar Williams ta gwada ta a motar tseren Formula 1 a 1993, hukumar tseren ta haramta ta tun kafin ta shiga gasa.

Kamfanoni ba don nishaɗin direba suka rungume ta ba, don fetur ne. Kowane inji yana da ɗan zangon juyi inda yake yin aiki mai yawa da mai kaɗan. Giya mai matakai ratsa zangon take yi ta wuce, ta sake dawowa. CVT tana ajiye inji a wurin, ta bar wa fuli aikin ƙara gudu. Ƙarar nan da ke tsayawa wuri ɗaya ke nan. Da Corolla ta Amurka ta bar otomatik mai giya huɗu ta koma CVT, da injinta mai lita 1.8, alƙaluman hukumar kare muhalli ta ƙasar sun nuna tazarar da take yi da galan ɗaya ta ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, babu mai raina kashi 10. Masu saye a can ma sun yi ƙorafin ƙarar, sai kamfanonin suka koya wa kwamfutar ta riƙa kwaikwayon canjin giya. In ka ji taka kamar tana canjawa, wurare ne kawai aka ware wa bel ya riƙa tsayawa don ran direba ya yi sanyi.

A wajen tuƙi, ƙafa ce komai. Taka totur a hankali zuwa inda kake so, ka riƙe shi a nan, ka bar mota ta cimma inji. In ta kusa gudun da kake nema, ɗan sassauta. Za ka ga allura ta sauko, sau da yawa ƙasa da 2,000, ƙara ta kwanta, mota tana tafiya sumul. Wanda ya iya wannan sassautawar shi ke cin ribar fetur ɗin. Mai taka-saki-taka-saki, irin wanda ya saba tilasta wa tsohuwar otomatik ta canja giya, wahalar da fuli kawai yake yi.

In za ka wuce tirela a hanyar da ake kicibis da masu tahowa, sani cewa CVT tana ɗan jinkiri kafin ta amsa: sai fuli sun matsa, inji ya hau, sannan ƙarfi ya iso taya. Fara takawa tun kana bayanta, ko ka ja sanda zuwa S, ka fita da ƙarfinka a hannu. Inji zai yi kururuwa, bar shi. Danne totur har ƙasa jefi-jefi mota tana cikin tafiya ba ya kashe CVT.

Abin da ke cin ta shi ne fizga daga tsaye. A lokacin bel yana zagaye mafi ƙanƙanta a fulin inji, gutattaki kaɗan ne ke riƙe da shi, kuma a daidai lokacin ne nauyin mota gaba ɗaya ke kansu. Toyota da kanta ta amsa wannan rauni. A 2018 ta fito da Direct Shift-CVT, wadda aka saka wa giya ta ɗaya mai haƙori don tashi kawai, sai mota ta ɗauki hanya sannan a miƙa wa bel. Ana samunta a Corolla masu inji lita 2.0 daga samfurin 2019. Sauran ba su da wannan gata. Don haka ɗaga inji a N a buga D, da danne birki da totur tare a saki, da jefa ribas mota ba ta gama tsayawa ba, duk bugu ne kai tsaye a kan bel. Ka saka giya, ka ɗan jira ka ji ta kama, sannan totur. Wanda ya ba samari aron mota mai CVT ranar ɗaurin aure, suka je wasan mota har taya ta yi hayaƙi, shi ya san abin da ya yi.

Inda nake ganin an fi yi wa giyar nan illa ba da sani ba shi ne yashi da taɓo. Mota ta kafe a rairayi a hanyar ƙauye, ko a lungun unguwa da damina. Abin da kowa ya iya shi ne D, R, D, R da sauri, totur a ƙasa, yara suna turi suna ihu. Taya tana juyawa a banza da gudu, can sai ta ci karo da ƙasa mai tauri ko dutsen da aka cusa mata, ta cafke lokaci guda. Fulin taya ya tsaya, fulin inji yana kan gudunsa, bel ne a tsakiya. Mota za ta fita, kowa ya yi murna, a sallami yara, karce kuma ya riga ya zauna. Sai bayan watanni a fara jin kakkarwa, ba wanda zai tuna da ranar. Maganin abin haƙuri ne: a sauka, a tone gaban tayoyi, a rage musu iska kaɗan, a shimfiɗa katako ko rassa, a sauke mutane da kaya, sannan a ja a hankali. In ta ƙi, a nemi mai fitar da ita. Ƙaramin irin wannan bugun shi ake samu in ka faɗa rami ƙafarka tana kan totur, taya ta ɗaga ta juya a iska ta dawo ta cafke. Ɗaga ƙafa kafin rami, ka mayar bayan ka wuce.

Sai al'adar saka firi, wato mayar da sanda N, a gangara, wadda muka gada daga direbobin haya. A yawancin CVT, fuli da bel suna haɗe da taya ko da sanda tana N. Ke nan mota tana gangarawa da gudu 100, bel yana juyawa da wannan gudun, famfon mai kuwa yana bin injin da ya koma silo. Fetur ɗin da ake cewa ana tattali ma babu shi: injin zamani, in ka ɗaga ƙafa mota tana cikin giya, kwamfuta yanke masa fetur take yi, a N kuwa dole ta ci gaba da ba shi don kada ya mutu. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo in ka taso daga Jos, ja sanda zuwa L ko B ko S, wanda motarka ke da shi, inji ya taya birki riƙo. Ƙara za ta tashi, ba komai. A hawa kuma in cunkoso ya tsayar da kai, riƙe mota da birki, ba da totur ba.

Dalilin da ya hana firi shi ya hana ja da igiya. Inji a kashe, famfo a tsaye, babu matsi, tayoyi suna juya bel a sake. Sai a lalata giya a hanyar gareji, alhali abin da ya tsayar da motar ƙila famfon fetur ne. A ɗora ta a bayan janwe ko a ɗaga tayoyin gaba. Mai ja da taya huɗu kuwa sai dai a ɗauke ta ɗungurungum.

Zafi shi ne abokin gaba na kullum. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafi yana haura digiri 40. Ƙara mutum shida, but cike da buhuna, AC a kunne, gudu ba sassauci na awa biyu. Man giya in ya dahu sai ya tsinke, famfo ya kasa riƙe matsi. Masu ƙira sun saka kariya: littafin Nissan ya bayyana cewa in man ya yi zafi fiye da kima, kwamfuta za ta rage ƙarfin inji da kanta. Direba zai ji mota ta mutu a ƙafarsa, yana takawa ba ta ƙara gudu. Ba lalacewa ta yi ba tukuna, ceton kanta take yi. Sauka daga kwalta a wuri mai aminci, saka P, a bar ta ta huce. Amma man da ya dahu ya tsufa, a canja shi, a kuma nemi dalili. Sau da yawa dalilin yana gaba, a lagireto. Ruwan inji ne ke taimakawa wajen sanyaya man giyar, ta wani ɗan akwati da yake ratsawa. In ruwan rijiya ake ta zubawa har tsatsa ta toshe akwatin, ko fanka ɗaya ta mutu ba a kula ba, ko ƙurar hunturu ta cike fuskar lagireto, giya ce ke biya.

Duk wannan na direba ne. Babban kisa kuwa a gareji ake yinsa, da kyakkyawar niyya. Mota ta zo juye, bakanike ya ce a haɗa da man giya, yaro ya ruga ya dawo da galan ɗin jan man otomatik da aka saba zuba wa Camry. In mai mota ya yi tambaya, amsar ba ta wuce, "Haba Alhaji, man giya ai man giya ne. Wannan ma na waje ne, shi muke zuba wa kowa." Abin da ya dace ya ce shi ne, "Malam, na yarda da aikinka, amma wannan CVT ce. Bari in kawo nata da kaina." Ba raini ba ne, shi ma ba ya son a ce a hannunsa motar ta mutu.

Man CVT aiki biyu masu karo da juna aka ɗora masa: ya yi wa boris da famfo santsi, amma ya bar ƙarfe ya kama ƙarfe tsakanin bel da fuli. Man otomatik na yau da kullum ba a haɗa shi don aiki na biyun ba. Kowane kamfani da nasa haɗin. Nissan NS-2 a tsofaffi, NS-3 a na baya. Toyota TC ko FE. Honda HCF-2 a Accord da Civic da na ambata, wanda ba shi ne man tsohuwar Jazz ba. Mugun abin shi ne man da ba nata ba ba ya kashe ta a ranar. Za ta fita daga gareji lafiya lau, ciwon sai daga baya. Launi ma ba hujja ba ne, jabu ya iya launi. A sayi mai hatimi, a wurin da za a iya komawa.

Wasu littattafan ba su sa lokacin canji ga tuƙi na yau da kullum ba, har ake cewa man na har abada ne. Duba shafin da ke maganar aiki mai tsanani: zafi, ƙura, cunkoso, lodi. Abin da suka lissafa a can shi ne tuƙinmu na kullum. Subaru ta sa kilomita 40,000 ga motar da ke yawan jan kaya. A ganina wannan adadin ya dace da kowace CVT a ƙasarmu, kuma wanda ya sayi 'yar Kwatano ya canja tun da wuri, tunda bai san abin da tsohon mai ita ya yi ba.

Canjin ma ba aikin kowa ba ne. Da yawansu ba su da sandar auna mai. Ana auna shi ta wani noti a ƙasa, mota a daidai, inji yana aiki, zafin man tsakanin digiri 35 zuwa 45, wanda sai da kwamfuta ake gani. Ya yi kaɗan, famfo ya sha iska. Ya yi yawa, ya yi kumfa. Duka biyun matsi ne ke faɗuwa. In an kwance farantin ƙasa, tsaya ka gani da idonka. Akwai 'yan maganaɗisu manne a ciki, shafa yatsa a kansu ka murza. Baƙin gari mai laushi wanda ba ka jin komai a cikinsa, wannan tsufa ne na al'ada. In ka ji tsini-tsini, ko ka ɗaga yatsan a rana ka ga ɓarɓashi yana ƙyalli, bel da fuli sun fara cin juna, sabon mai jinkirtawa kawai zai yi. Daga nan camfin nan ya samo asali, wai in ka canja man da ba a taɓa canjawa ba giya za ta mutu. Ai ba a tuna da man sai giya ta fara ciwo, in ta ƙarasa sai a ɗora wa sabon mai.

Duk wannan bayanin banda motocin Toyota masu haɗa fetur da batir, irin Prius da ta fito a 1997 da Camry Hybrid. Tasu ana kiranta e-CVT amma babu bel babu fuli, haƙora ne da injinan lantarki biyu, kuma yawancinsu man ATF WS suke sha. Zuba musu man CVT shi ma kuskure ne.

Tsoron da ake yi wa CVT a kasuwar mota ba duka ne camfi ba, ruwa ba ya tsami banza. Giyoyin kamfanin Jatco, wanda Nissan ke da mafi yawan hannun jarinsa, sun sha ƙorafi a Amurka har Nissan ta ninka garantin giyar motocin 2003 zuwa 2010, ya koma shekara 10 ko mil 120,000. Daga baya ƙararrakin da masu Altima da Sentra na samfurin 2013 zuwa sama suka shigar sun sa ta tsawaita nasu zuwa wata 84 ko mil 84,000. A samfurin 2022 ta cire CVT daga Pathfinder ta saka otomatik mai giya tara. Honda ma a 2015 ta kira wasu Civic da Fit don gyara manhajar giyar. Garantin nan duk a can ya tsaya, bai tsallako teku ba. Na Toyota da Honda sun fi suna mai kyau, musamman a ƙananan motoci, kuma ba mamaki: ƙaramin inji da ƙaramin nauyi, aikin bel ya ragu.

Mai zirga-zirgar ofis da makaranta da kasuwa a kan kwalta, CVT mai lafiya za ta yi masa, kuma aljihunsa zai shaida a gidan mai. Mai haya da lodi, ko wanda hanyar garinsu yashi ce, ya nemi mai giyar hannu ko otomatik mai haƙori.

Wanda ya ƙudurta saye kada zagayen minti biyar a gaban dillali ya ishe shi, domin CVT mai ciwo takan ɓoye shi da sanyi. A tuƙa ta kamar rabin awa har ta ɗau zafi. A nan ake gane sulɓin gaske: ƙafarka tana wuri ɗaya, gudu bai canja ba, amma allura tana tsalle tana dawowa. Ko kakkarwa a ƙaramin gudu in ka taka totur kaɗan, musamman a ɗan hawa. Ko ka saka D ko R ta daɗe kafin ta kama, ta kama da bugu. Ko wani siririn kuka da ke ƙaruwa da gudun mota. A sa mata kwamfuta. A Nissan, lambar P17F0 ko P17F1 tana nufin kwamfutar da kanta ta ji kakkarwar ta rubuta, kuma a duba ko an share lambobin kwanan nan.

Masu buɗe CVT su gyara cikinta ba su da yawa, yawanci sauke ta ake yi a ɗora 'yar Beljiyam. Don haka kafin ka biya, buga waya Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ji kuɗin giyar wannan samfurin, ka shiga ciniki da lissafin a ranka. In kuma ta kai ga canji, a tabbatar lambar giyar ta dace da ta motar, a wanke ko a canja akwatin sanyaya mai don kada garin ƙarfen tsohuwar ya shiga sabuwar, a zuba nata mai. A Nissan da yawa sai an shigar da bayanan sabuwar giyar cikin kwamfutar mota, in ba haka ba za ta riƙa matse ta da ma'aunin wadda aka cire.